Yadda ake horar da ɗalibi a aikin buɗaɗɗiyar manhaja

Abu biyu ne suka fi kayar da ɗalibi a aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da kod ɗinta (rubutun da aka gina ta da shi) yake a fili kowa ya duba ya gyara: a yanka masa aikin da ya fi ƙarfin lokacinsa, ko kuma ya maƙale ya yi gum, jagoransa ma ya yi gum, sai ranar tantancewa ta zo babu abin nunawa. Duk biyun a hannun jagora suke. Maganinsu kuma guda ne, a riƙa yin aiki ƙanana ƙanana, a bainar jama'a, ana haɗe kowane cikin uwar manhaja da zarar ya nuna.

Mafi yawan masu horarwa ta ƙofa biyu suke samun ɗalibai. Akwai Google Summer of Code, shirin kamfanin Google mai biyan alawus, wanda aka fara a 2005. Daga 2022 aka buɗe shi ga duk sabon shiga da ya kai shekara 18, ko ɗalibi ne ko ba ɗalibi ba. Aikinsa kashi uku ne: ƙarami na kimanin awa 90, matsakaici na awa 175, babba na awa 350. An saba yin sa cikin mako 12, amma ana iya tsawaitawa har zuwa mako 22. Sai Outreachy, wanda ya samo asali daga ƙungiyar GNOME, yanzu yana ƙarƙashin Software Freedom Conservancy. Shi wata uku ne, awa 30 a mako, alawus dala 7,000, kuma an tsara shi ne domin waɗanda ba a cika ganinsu a harkar ba. Wanda ba ya cikin ko ɗaya, misali malamin jami'a da ya tura ɗalibansa aikin kammala digiri a wata manhaja, shi ma abin da ke ƙasa ya shafe shi, illa dai babu wanda zai sa masa ranakun tantancewa sai shi da kansa.

Kafin ɗalibi ya iso

Fara da lissafin lokacinka. Ɗalibi ɗaya zai ci maka kamar awa biyar a mako, makonnin farko kuma sun fi haka. Watan neman gurbi ya fi kowane lokaci cin rai, domin a lokacin mutum ashirin ko fiye za su iya yi maka caa a kan gurbi ɗaya. Idan wannan ne karonka na farko, ɗalibi ɗaya ya ishe ka. Ka kuma nemi jagora na biyu tun kafin ka sa sunanka, wanda zai iya duba kod ɗin ya kuma haɗe shi ranar da ba ka nan. Na biyun da sunansa kawai ke kan takarda ba shi da amfani. Ya riƙa halartar zama ko da sau ɗaya a mako biyu.

Yankan aiki shi ne inda ƙwararru suka fi yin kuskure, saboda suna auna shi da hannunsu. Ka ƙiyasta awa nawa aikin zai ɗauke ka, kai da ka san lungu da saƙo na manhajar, sannan ka ninka sau uku ko huɗu. Wato aikin awa 175 shi ne wanda kai za ka gama cikin awa 45 zuwa 60. Ragowar lokacin ba asara ba ce: a ciki ɗalibi zai karanta kod ɗin wasu, ya rubuta gwaje-gwaje, ya jira bita, ya sake rubuta abin da aka mayar masa, ya rubuta bayanin amfani.

Daga nan ka raba aikin hawa uku: abin da dole a gama, abin da ake so a gama, da abin da za a taɓa in lokaci ya bari. Hawan farko kada ya wuce rabin lokacin. Muhimmin sharaɗi shi ne kowane yanki ya iya tsayawa da ƙafarsa. A ce aikin shi ne ƙara wa manhaja damar fitar da rahoto a sabon tsarin fayil. Yankin farko ya zama gwaje-gwaje ga hanyar fitar da rahoton da ake da ita yanzu. Na biyu, ware wannan hanya ta yadda za ta karɓi tsari fiye da ɗaya. Na uku, sabon tsarin a sauƙaƙe. Na huɗu, maɓallinsa a fuskar manhaja. Ko ɗalibi ya tsaya a na biyu, manhajar ta ƙaru, shi ma yana da abin da zai nuna da sunansa.

Akwai ayyukan da ba a ba ɗalibi ko da ya nuna zumuɗi. Kada ka ba shi abin da fitowar sabon zubin manhajar ke jira, domin ranar da lokaci ya ƙure za ka ƙwace ka yi da kanka, ka karya masa gwiwa. Kada ka ba shi abin da masu kula da manhajar ba su gama jayayya a kan fasalinsa ba. Zai yi wata biyu yana gini, wani babba ya zo ya ce ba haka aka so ba. Haka nan aikin da ya dogara da wani sashe da wani mutum bai gama rubutawa ba.

Sai ka gwada ƙofar shiga. Samo kwamfutar da ba a taɓa girka manhajar a kanta ba, ka bi umarnin da ke cikin fayil ɗin README da CONTRIBUTING layi bayan layi, ba tare da ka cike giɓi da abin da ke kanka ba. Kusan kullum za ka tarar da matakin da aka manta ba a rubuta ba, ko zubin wani kayan aiki da ya tsufa. Ka lura da abu uku ka rubuta su ɓaro-ɓaro: megabait nawa za a sauke, ƙwaƙwalwar kwamfuta nawa ake buƙata, minti nawa gini da gwaji suke ɗauka. Ɗalibin da ke Kano ko Maraɗi da kwamfuta mai gigabait 4 da datar waya ba zai gaya maka cewa umarninka na farko ya cinye masa kuɗin datar mako ba. Zai dai ɓace. Idan rumbun kod ɗin yana da nauyi, nuna masa umarnin Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, wato `git clone --depth 1`, wanda ke sauko da halin da ake ciki yanzu ba tare da dukan tarihi ba. Nuna masa yadda zai gudanar da gwajin sashensa kaɗai maimakon duka. Mai Windows kuma a gaya masa tun farko ko WSL, mai gudanar da Linux cikin Windows, zai girka, a kuma daidaita masa `core.autocrlf`, in ba haka ba gyaran layi biyu zai fito kamar ya canza fayil ɗin gaba ɗaya, saboda bambancin alamar ƙarshen layi.

Abu na ƙarshe a shiri shi ne ƙananan ayyukan gwaji, goma zuwa sha biyar, waɗanda a GitHub, dandalin ajiye rumbunan kod, ake liƙa wa alamar `good first issue`. Kowanne ya faɗi yadda za a ga matsalar da ido, fayil ɗin da za a fara dubawa, da yadda za a san an gama. Gyaran kuskuren rubutu kaɗai ba ya nuna komai a kan mutum. A Hacktoberfest na 2020, bikin miƙa gyaran kod da ake yi a watan Oktoba, masu neman rigar kyauta sun cika rumbuna da gyare-gyaren banza har sai da masu shirya shi suka canza doka, suka ce sai rumbun da ya amince zai shiga. Duk wanda ya ce ya ɗauki aiki, a ba shi mako guda; in babu motsi a sake shi ga wani.

Zaɓen wanda za a ɗauka

Takardar tsarin aiki da mai nema ya rubuta ita ce hujja mafi rauni a hannunka, balle yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke rubuta mai sheƙi cikin minti ɗaya. Abin dubawa shi ne me ya faru bayan an mayar masa da gyaransa na farko. Ya karanta abin da aka ce? Ya gyara duka ko ya tsallake masu wuya? In bai yarda ba, ya kawo dalili? Wanda gyaransa na biyu ya fi na farko kyau ya fi wanda ya zo da gwaninta amma ba ya jin magana.

Ka kira waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, minti ashirin kowanne, ko da murya kawai. Buɗe gyaran da ya aiko ka ce ya bayyana maka dalilin wani layi, da abin da zai faru in an cire shi. Wanda ya rubuta da kansa zai amsa ko da da in-ina. Wanda aka rubuta wa zai koma karanto maka layin. A nan ne kuma za ka tambayi jadawalinsa dalla-dalla. Shirin Google an gina shi ne a kan hutun bazarar jami'o'in Amurka da Turai, daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta. A jami'o'in gwamnati na Najeriya kuwa, inda yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022 ya hargitsa kalanda, wannan lokaci yana iya faɗawa tsakiyar zangon karatu ko kan jarabawa. Tambaye shi ranar fara jarabawa da ranar gamawa, ko yana da SIWES (horon sanin makamar aiki a masana'antu), ko yana wani aikin, da abin da yake yi in an ɗauke wuta kwana biyu. Ba don a hana shi ake tambaya ba, don a tsara makonnin da gaskiya ne. Mako biyu na jarabawa da aka sani tun Afrilu ba matsala ba ne.

Kada ka yi wa kowa alkawari ko ishara kafin sanarwar hukuma. In kuma babu wanda ya gamsar da kai, bar gurbin haka nan. Wata uku da wanda ka ɗauka don kada gurbi ya tafi a banza zai sa ka rantse ba ka ƙara horar da kowa.

Makonnin farko

Shirin Google yana ba da kamar mako uku na sabawa da jama'a kafin a fara rubuta kod. Kada a bar su su tafi a gaishe-gaishe. A zaman farko ku rubuta yarjejeniya a wurin da kowa zai gani: ranar zaman mako da sa'arsa, inda ake tambaya, awa nawa za ka ɗauka kafin ka amsa, abin da ake sa ran gani a tsakiyar zango, da abin da zai sa a ce bai ci ba. Sa'a a rubuta ta da UTC, agogon bai-ɗaya na duniya. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya duk shekara, Gana tana daidai da shi, Indiya tana gaba da awa biyar da rabi, Turai kuma tana juya agogonta a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, abin da ke sa zaman da aka tsayar da "ƙarfe huɗu" ya watse ba tare da laifin kowa ba. A cire lokacin sallar Juma'a da ranakun Sallah daga lissafi tun yanzu.

Burin makon farko ɗaya ne: wani gyara nasa, komai ƙanƙantarsa, ya bi dukan hanya har a haɗe shi. Ya buɗe reshe (gefen da zai yi aikinsa ba tare da taɓa uwar manhaja ba), ya yi komit (ya adana canjin cikin tarihi), ya tura, na'urar gwaji ta yi ja (alamar faɗuwa), ya gano dalili, a yi masa bita, ya gyara, a haɗe. Tela ba ya miƙa wa sabon yaro shadda ya yanka. Sai ya ga yadda yake sa maɓalli tukuna. Wanda ya bi wannan hanya sau ɗaya da ƙaramin abu ba zai firgita ba ranar da ya zo da babba.

Yanzu ga batun shiru, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗalibin da ya taso inda ba a ce wa babba "ban gane ba" zai amsa maka da "to, Malam" ko da bai kama komai ba. Zai kwana huɗu a kan kuskuren da za ka warware cikin minti biyar, yana ganin tambaya raini ce ko tona wa kai asiri. Cewa "ka tambaye ni duk lokacin da ka so" ba ya magance wannan. Abin da ke aiki shi ne a mai da tambaya doka: in ka yi awa biyu a wuri ɗaya ba ka matsa ba, wajibi ne ka rubuta a zauren aikin. Sannan kowace ranar aiki ya ajiye layi uku: abin da na yi, abin da zan yi, abin da ya tare ni. Idan layin farko ya zama "ina ci gaba da nazarin kod" kwana uku a jere, ya maƙale ke nan, kai za ka neme shi. A zaman mako kuma kada ka tambaya "komai lafiya?", domin amsar "lafiya lau" ce. Ka ce, "Buɗe min abin da ka rubuta jiya mu gani," ko "Faɗa min da bakinka abin da muka ce za ka yi kafin Laraba." Minti talatin ya isa, kuma shi zai rubuta abin da aka yanke.

Zai so ya riƙa bin ka ta WhatsApp ko saƙon sirri. Mayar da shi zaure cikin ladabi, kowane lokaci: "Tambaya ce mai kyau, sa ta a zaure in amsa a can, wasu ma su amfana." Dalilan a fili suke. Wani zai iya amsa masa kafin ka farka. Amsar za ta zauna inda na baya zai same ta. Uwa uba, jama'ar aikin za su san shi, wanda shi ne abin da zai riƙe shi bayan ka gama da shi. Abin da ya halatta a sirri shi ne rashin lafiya, matsalar gida, batun kuɗi, ko wani ya ci masa mutunci. Idan ɗaliba ce, wannan tsari na yin komai a fili da sa jagora na biyu cikin zama yana sauƙaƙa mata, ya kuma kwantar da hankalin mutanen gidansu.

Koya masa siffar tambaya: me nake so in yi, wane umarni na buga, me ya fito, me na riga na gwada, wane zubi nake kai. Saƙon kuskuren a kwafo shi a rubuce. Hoton allon kwamfuta da aka ɗauka da waya ba a iya bincika shi, sau da yawa ma ya yanke layin da ake nema. Kai kuma ka bambance tambaya iri biyu. Abin da zai iya tonowa da kansa, nuna masa makamin: `git grep` don neman inda aka yi amfani da suna, `git log` da `git blame` don sanin wa ya canza layi da dalili, `git bisect` don gano komit ɗin da ya kawo matsala. Amma abin da ke kan tsofaffin ma'aikata kaɗai, irin "an taɓa gwada wannan hanyar ta karya wa masu tsohon zubi", faɗa masa nan take. Barin sa ya wahala a kan wannan ba horo ba ne.

Bita

A nan ne ainihin koyarwa take. Ka yi alkawarin duba aikinsa cikin kwana ɗaya ko biyu na aiki, ka kuma cika. In ba za ka samu ba, rubuta layi ɗaya ka faɗi ranar. Ɗalibin da gyaransa ya kwana bakwai ba a taɓa ba, ko dai ya zauna jira, ko ya ɗora sabon gini a kan tubalin da za ka ce a rushe.

Buƙatar haɗe gyara, wadda 'yan harkar ke kira PR, kada ta wuce layi 200 zuwa 400. Fiye da haka ido yana gajiya, ka fara wucewa kana cewa ya yi. Ka sa ya buɗe ta a matsayin daftari tun ranar da ya fara, ya riƙa turawa kullum, don ka ga inda ya dosa kafin ya yi nisa. Wannan kuma yana tsare aikin in kwamfuta ta lalace ko an sace ta. Duk abin da zai ɗauki fiye da kwana uku, ya fara rubuta rabin shafi a kan yadda zai yi shi, a amince, sannan ya taɓa kod.

Bi bita daki-daki. Zagayen farko, hanyar da ya bi daidai ce? In ba daidai ba ce, tsaya nan, kada ka ɓata lokaci a kan sunayen da za a goge. Bayan haka sai ingancin aiki: me zai faru in jerin ya zo babu komai, in fayil ɗin babu shi, in intanet ta yanke a tsakiya, in sunan mutum yana da ƙ ko ɗ? Sai gwaje-gwaje. Gwajin kirki shi ne wanda ke faɗuwa in an cire gyaran. Sa shi ya cire ya nuna maka ja, ya mayar ya nuna maka kore, domin sababbin shiga suna yawan rubuta gwajin da ke wucewa ko me aka yi. Batun tazara da waƙafi kuwa a bar wa na'urar duba salo, mutum bai kamata ya yi sharhi arba'in a kansu ba.

Yadda aka faɗi magana yana da nauyi, musamman ga wanda Turanci ba harshensa ba ne kuma a rubuce yake karanta ka, ba ya ganin fuskarka. "Wannan ba daidai ba ne" ba ta koyar da komai. Gwada: "In jerin ya zo babu komai, layi na 42 zai faɗi. Duba yadda aka yi a fayil ɗin da ke kusa, ka ƙara gwaji a kai." Ka kuma bambance masa sharhin da dole ne da wanda ra'ayinka ne kawai, in ba haka ba zai ɗauki kowace kalma taka umarni. In ya yi abu mai kyau, faɗi takamaiman abin. Kuma ka riƙe hannunka: kada ka tura gyara cikin reshensa don ka gaji da jira. In ka yi haka, ka gama aikin da sauri, amma ka koya masa cewa in ya yi jinkiri wani zai ƙarasa.

Rikicin Git zai zo, kuma kusan iri ɗaya ne kullum. Zai yi aiki a kan babban reshe maimakon ya buɗe nasa. Zai yi ta jawo babban reshe cikin nasa har tarihin ya cakuɗe. Zai yi `git rebase`, ya ci karo, ya tsorata, ya goge komai ya sake saukewa. Zauna da shi sau ɗaya ku warware karo tare, ka nuna masa `git rebase --abort` don ja da baya, da `git reflog` don ya ga cewa komit ba ya ɓacewa da sauƙi, da `git push --force-with-lease` maimakon `--force` tsirara, wanda ke iya shafe aikin wani. Saƙon komit: layin farko kamar harafi 50, sai layi fanko, sai bayanin dalilin canjin. In kuwa ya tura kalmar sirri ko makullin wata hidima cikin rumbu, goge fayil ɗin bai wadatar ba, yana nan cikin tarihi, kuma akwai masu bincike rumbunan jama'a suna neman irinsa. A soke makullin nan take a fitar da sabo.

Akwai kuma batun lasisi, wato sharuɗɗan amfani da kod, wanda ɗalibai ba sa kawo shi a rai. Kod ɗin da ke intanet ba na kowa da kowa ba ne. Amsoshin Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta kod, suna ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, kuma ba a ɗauko kod mai lasisin GPL a zuba cikin manhaja mai lasisin MIT a ci gaba da kiranta MIT. Idan aikinku yana buƙatar layin `Signed-off-by`, wanda `git commit -s` ke sakawa, bayyana masa cewa shaida yake bayarwa cewa yana da haƙƙin miƙa wannan kod. Game da kod ɗin da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, ayyuka sun sha bamban; ƙungiyar manhajar Gentoo ta hana shi a 2024, wasu sun yarda da sharaɗi. Faɗa masa matsayin naku a rubuce tun makon farko. Ko ina kuka tsaya, doka ɗaya ba ta canzawa: layin da ba zai iya bayyanawa ba, ba a haɗe shi.

Tsakiyar zango, da ranar da abu ya ƙi

A shirin Google tantancewa biyu ce, ta tsakiya da ta ƙarshe, kuma biyan alawus yana rataye da su. Sakamakon kada ya zo wa ɗalibi ba zato. Idan a mako na uku ko na huɗu ka ga ana baya, faɗa masa a zama, sannan ka rubuta, da jagora na biyu da mai kula da shirin a ƙungiyarku a ciki: ga abin da aka yi alkawari, ga inda ake, ga abu biyu da ake so a gani an haɗe kafin ranar kaza. Kafin ka ɗora masa laifi, duba naka ɓangaren. Kwana nawa gyaransa ya yi yana jiranka? Aikin ya fi yadda ka ƙiyasta? In haka ne, yanke hawa na biyu da na uku, ko ka nemi ƙarin makonni. Rage aiki ba faɗuwa ba ce, kusan kowane aiki ana rage shi.

In ya yi ɓatan dabo: kwana uku shiru, aika saƙo a zaure da imel; kwana biyar, gwada wata hanya, shi ya sa ake karɓar hanyar tuntuɓa ta biyu tun farko; mako guda, sanar da mai kula da shirin. Fara da tambayar lafiya, domin sau da yawa rashin lafiya ne, ko rasuwa, ko kwamfuta ta mutu, ko kunyar dawowa hannu rabbana.

Wuri mafi wuya shi ne wanda yake nan, mai ladabi, amma babu aiki, kuma ka san kuɗin nan in an canza shi zuwa naira ko sefa ba ƙaramin abu ba ne a gidansu. Tausayi zai ce ka wuce da shi. Ra'ayinmu shi ne kada ka yi. Wanda bai yi komai ba a rabin farko da wuya ya farfaɗo a na biyu, kai za ka ƙare kana rubuta aikin, kuma an hana wani da zai yi. Ma'aunin shi ne ƙoƙarin da ake gani da ci gaba, ba kammala duk abin da aka rubuta a takarda ba. Mai tafiya a hankali amma yana turo aiki kowane mako, yana gyara abin da aka ce, ya ci. Wanda aka gargaɗa a rubuce bai canza ba, bai ci ba, kuma a gaya masa dalili da mutunci, a bar masa ƙofa in yana so ya ci gaba a matsayin ɗan sa-kai.

Mako biyun ƙarshe da abin da ke bayansu

Saura mako biyu a daina ƙara sabon abu. Lokacin na haɗe abin da ya rage ne, da rubuta bayanin amfani, da cike gwaje-gwaje. Abin da bai kammalu ba a rubuta shi a matsayin ayyuka daban-daban a rumbu, kowanne da bayanin inda aka tsaya, don kada ya mutu a reshen da ba mai buɗewa. Rahotonsa na ƙarshe ya jera abin da aka haɗe, abin da ke jira, da abin da ba a yi ba; wannan shafin ne zai nuna wa masu ɗaukar aiki gobe. Sa sunansa a sanarwar sabon zubi.

Ɗalibai da yawa suna tafiya da zarar alawus ya ƙare, sau da yawa don ba wanda ya ce musu akwai wurinsu. Kafin ranar ƙarshe ka ba shi wani abu takamaimai mai sauƙi, na awa biyu a mako: ya riƙa duba rahotannin matsala da suka shafi sashen da ya rubuta, ko ya yi bitar farko ga gyaran sababbin shiga. Tun tsakiyar zango ma ya kamata ka fara sa shi duba naka gyaran.

Iko kuma hawa-hawa ake ba da shi. A rumbunan ƙungiya na GitHub akwai matakin Triage, wanda ke ba mutum damar liƙa alama da rufe rahoto ba tare da ya taɓa kod ba. Daga nan ake farawa. Ikon rubutawa sai bayan watanni na aikin da jama'a suka gani, da amincewar sauran masu kula, ba kai kaɗai ba. A Maris 2024 aka gano ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, da aka dasa cikin xz, wata manhajar matse fayiloli, zubi na 5.6.0 da 5.6.1, kuma wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taimako har aka ba shi amana. Wannan ba dalilin zargin ɗalibinka ba ne, dalili ne na tsarin da ya hau kan kowa: a kulle babban reshe ta yadda ba mai turawa kai tsaye, kowane gyara sai wani ya duba, kowane mai iko ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, makullan fitar da sabon zubi kuma su zauna a hannun mutum biyu ko uku da aka daɗe da sani.